Haƙoran Gonur

Ba zan faɗi sunan surukina ba. Ya daɗe da rasuwa, amma bakina bai saba ba, kuma ba yanzu zai saba ba. In kun ji sunan, daga bakin Meret aga za ku ji shi, ɗan baffansa, wanda ba ya jin nauyin kowa. Aga kuwa laƙabin girmamawa ne da muke yi wa dattijo.

A ƙauyenmu na bakin hamadar Garagum, duk wanda karyarsa ta haihu ƙofar surukina yake fara zuwa. Shi ne mai yankan kunne. Tun kwikwiyo bai buɗe ido ba za a kawo masa, ya ɗora shi a gwiwa, ya datse kunnuwa da jela, ya barbaɗa toka, ya miƙa wa mai shi. Haka muka tarar ana yi, don kada kyarkeci ya sami abin kamawa ranar da aka haɗu a bayan garke. Tun zamanin gandun gwamnati yake wannan aiki, gandun ya watse shi bai daina ba.

Dogo ne siriri, mai ɗan farin gemu, kuma ko ana zafin da rairayi ke ƙona tafin ƙafa ba ya rabuwa da hularsa ta fatar tunkiya. Ban taɓa ganin ya shafa kan kare ba, kare kuma bai isa ya taka bakin ƙofar ɗakinsa ba. Amma mijina Durdi ya ce a wurin kiwo babansa ba ya kai loma baki sai karnuka sun ci. Irin son da yake musu ke nan, so mai ɗaurarriyar fuska.

Doka ɗaya ce da shi, duk ƙauyen kuma an haddace ta: karen da ya nuna wa mutanen gidansu haƙori ba ya kwana. Kare ne mai girman ɗan maraƙi, ga yara suna rarrafe a tsakar gida, saboda haka ba wanda ya taɓa ja da shi. Da yake mai kare ba ya iya harbe nasa, surukina ake kira. Wani lokacin ma ba ya jiran kira. Haka ya yi wa Akbai, farin karen Meret aga, ranar da ya hango shi ta saman shinge yana yaƙe wa tsohuwar gidan haƙora. Meret aga bai hana ba, amma bai yafe ba, kullum yana zuwa shan shayi da abin a ransa.

Ni kuwa tun ranar da aka kawo ni gidan na ja gefen kallabina na rufe baki, kamar kowace gelin, matar ɗa. Ba na magana da surukina, ba na magana da manyan mazan danginsa. In ina da saƙo sai in raɗa wa surukata ko ɗaya daga cikin yarana su isar. Da surukata ta rasu, yara kuma suka tafi makarantar kwana a birni, sai muka koma nuni da hannu. In zai shigo ya yi gyaran murya, ni kuma in gyara kallabi. Ya san gurasata, ya san takuna, amma bai san muryata ba.

Gonur karen Durdi ne, a can rijiya mai nisa yake tare da tumaki. Kyarketai suka yaga masa kafaɗa, Durdi ya ɗauko shi a akwatin gefen babur ya ajiye mini, ya koma. Ni nake dama masa garin sha'ir da tsamin nonon raƙumi, ni nake wanke ciwon.

Ranar da ya fara nuna mini haƙora sai da kwanon ya suɓuce daga hannuna. Leɓen sama ya ɗage, haƙoran gaba duk a waje, hanci ya tattare. Na ce shi ke nan, yau hannuna ya tafi. Amma da na ja baya na dube shi da kyau sai na ga wani abu. Idanunsa sun ƙanƙance sun yi laushi, goshinsa sumul, kansa a ƙasa. Ya yi atishawa, ɗan dungun jelar yana rawa har ƙugunsa na bi.

Mu da muke yawo da baki a rufe, a ido muke gane wadda ke dariya da wadda ke zaginka a ciki. Ban yi tsammanin zan ga haka a fuskar kare ba, amma na gani. Na kuma san ɗaya fuskar tasa, wadda yake yi in baƙon kare ya gifta: baki a rufe gam, ido a buɗe ƙyam ba ƙiftawa, goshi a tattare, jiki ya sandare. Wannan fuskar ba haƙori ko ɗaya a cikinta, ita ce kuma abar gudu.

Na san dokar gidan, don haka na mai da wurin cin abincinsa bayan tanderu, inda ba mai gani. Jira nake Durdi ya dawo ya yi wa babansa bayani.

Amma kafaɗar ta yi sauƙi tun kafin Durdi ya dawo. Wata safiya surukina da Meret aga suna kan dakalin katako a ƙarƙashin rumfar inabi suna shan koren shayi, na fito da kwano zan zagaya baya, sai ga Gonur ya taso da ɗingishinsa ya tarye ni a tsakiyar gida. Ya tsaya a gabana ya wage mini haƙoran nan kaf.

Meret aga ya ajiye kofinsa a hankali. Ya ce, "Hidir aga, idona ne, ko kuwa karenka ne ke gwada wa surukarka haƙora?"

Surukina ya ce, "Na gani."

"To madalla. Na ɗauka tsufa ya fara taɓa idon. Ranar Akbai ai ta saman shinge ka hango, ko sallama ba ka tsaya yi ba."

"Sha shayinka, Meret."

"Ta ina zai wuce? Ko dokar ta karnukan mutane ce, na gidanka haƙoran auduga ne da su?"

Surukina ya miƙe ya shiga ɗaki, na ji ƙarar murfin akwatin da bindigar farautarsa take ciki. Na duba gabas na duba yamma, babu mace, babu yaro, babu wanda zan raɗa wa magana. Da ya fito da bindiga da igiya sai na sha gabansa ina girgiza kai, ina nuna karen, hawaye na zuba cikin kallabi.

Ya dube ni da tausayi, ya ce, "Daina kuka, gelin. Ya tsorata ki, na sani. Yanzu za a raba ki da shi."

Wallahi ji na yi kamar in kurma ihu. Mutumin kirki ne, amma a ranar na ji haushinsa har cikin ƙashina.

Ba a zubar da jinin kare a cikin gida. Suka ja shi suka nufi bayan tudun rairayi, inda ake sarar itace. Gonur na bin su da ɗingishi, yana waiwayena. Mace ba ta zuwa irin wannan wuri. Na tsaya a ƙofa har hulunansu suka ɓace a bayan tudu, sannan na ga ƙafafuna sun bi su.

Na same su sun ɗaure shi a jikin wani kututture. Surukina ya buɗe bindigar yana zura harsashi. Meret aga ne ya fara ganina.

Ya ce, "A'a, ga gelin ta zo kallo. Ke, koma gida, wannan ba wurinku ba ne."

Ban koma ba. Na wuce ta gabansu na shiga tsakanin bakin bindiga da kare.

Surukina ya ce, "Matsa, gelin."

Na juya musu baya na durƙusa. A nan ne na ga karen da ke gabana ba Gonur ɗin tsakar gida ba ne. Ya san warin bindiga. Bakinsa a rufe yake gam, farin idonsa ya fito, ya sandare, igiyar ta miƙe kamar za ta tsinke. Wani gurnani na tashi can ƙasan ƙirjinsa. Karen da tsoro ya kama bai san mai ba shi abinci ba, fuskata kuma ga ta dab da bakinsa.

"Na ce ki matsa!" Wannan karon tsawa ce. Na ji ya haɗe bindigar, ƙas.

Ba a ba ni izinin magana da shi ba. Amma ba wanda ya taɓa hana ni magana da kare. Na buɗe baki ta cikin kallabi.

Na ce, "Gonur, ni da kai yau ba mu da mai isar mana da saƙo. An yanke maka kunnen da za ka kwantar, an yanke jelar da za ka kaɗa, fuska kaɗai aka bar maka. To ka ce wa mai gidan nan ya zo kusa. Ka ce masa ya bar haƙoran, ya dubi idonka."

Meret aga ya ce, "La'ilaha illallahu! Yau ga gelin tana aiken kare wurin surukinta!"

Ina jin bakin bindigar a bayana kamar an ɗora mini garwashi tsakanin kafaɗu. Gonur kuwa ko gezau, ido a waje, gurnanin bai tsaya ba. Na ce a raina, in ya kai mini cizo yanzu na kashe shi da hannuna, na kuma zubar da mutuncina a banza.

Babu kwano a hannuna. Sai na buga awarwarona biyu da juna, irin ƙarar da suke yi in ina dama masa gari, na kira shi da ƴar muryar da nake kiransa a bayan tanderu. Na sake bugawa. Gurnanin ya yanke. Ya lashi hancinsa, ya ƙifta ido. Igiyar ta ɗan saki. Can sai kansa ya yi ƙasa, ya yi atishawa har rairayi ya tashi, leɓen ya ɗage, haƙoran suka fito fari fat, idanun suka ƙanƙance, ƙugu ya shiga rawa.

Meret aga ya ce, "Ga shi nan! Harbe shi, Hidir aga, zai cafke ta!"

Na ji takun surukina a kan rairayi. Ya zo ya tsaya a gefena, ya buɗe bindigar ya ajiye ta a ƙasa, ya durƙusa har gwiwarsa ta yi ƙara. Ya daɗe yana kallon fuskar nan. Sannan ya naɗe hannun rigarsa, ya miƙa wuyan hannunsa tsirara, ya ɗora shi a kan haƙoran. In da na yi kuskure, da a nan jijiyarsa za ta tsinke.

Gonur ya sake atishawa, ya lashe hannun tun daga wuya har gwiwa.

Surukina bai janye ba, shi da ke wanke hannu in jelar kare ta goge shi. Bai dube ni ba. Karen ya duba ya ce, "Ka gaya wa wadda ta aiko ka na ji."

Na sunkuyar da kai ina kuka ba sauti. Na ɗauka an gama, na kai hannu zan kwance igiya, sai na ji muryar Meret aga a bayanmu. Babu zolaya a cikinta ko kaɗan, kamar ba shi ba.

Ya ce, "Hidir aga."

"Na'am."

"Akbai ma yana wannan atishawar. Kullum in tsohuwa ta fito da kwano. Ta yi ta cewa gaishe ta yake yi, muka ce rikicin tsufa ne." Ya dubi surukina. "Kai ka tsaya a gabansa ranar. Yaya idonsa yake?"

Da surukina ya so, da ya ce a buɗe yake, jajawur, kowa ya huta. Babu mai shaida, kuma Meret aga da kansa abin da yake roƙon ji ke nan, na gani a fuskarsa. Surukina ya dafa ƙasa ya miƙe, ya cire hularsa, abin da ban taɓa gani ba a waje.

Ya ce, "Ban duba ba, Meret."

Meret aga ya zauna daɓas a kan rairayi, dattijo mai jikoki, ya kifa fuska a tafin hannu yana kiran sunan karensa.