Kwaɗon da Aka Ɗaura wa Ɗan Gwaggona

Ruwa ya sauka jiya a Goronyo, kwaɗi suka cika fadamar bayan gidana da kuka. 'Ya'yana suna kwaikwayonsu suna dariya, ni kuwa na kasa gama tuwon da ke gabana. Bari in gaya maka dalili, ko da za ka raina ni.

Ina yaro gwaggona ta rasu a Giyawa, aka kawo ɗanta riƙo gidanmu. Sa'ana ne. A kan jaki ya zo, da ƙullin kayan da bai kai kabewa girma ba. Kakarmu ta ɗauke ni daga ɗakin innata, ta haɗa mu tabarma ɗaya a nata ɗakin. Ta ce, "Ga taubashinka nan, ku kwana tare."

Ka san yadda taubasai suke. Duk abin da ɗan kawu ya yi wa ɗan gwaggo wasa ne. In na ƙwace masa fura, wasa. In na kira shi bawan gidanmu, manya su yi dariya. Shi ma yakan yi murmushi, don ya ga haka ake so.

Abin da kaka ba ta sani ba, ni mai fitsarin kwance ne. Innata ce ke rufa min asiri, tana wanke kayana tun kafin gari ya waye. Wata asuba cikin damina na farka a jiƙe. Na dubi yaron, na mirgina shi a hankali zuwa gefena, na sauya wando, na koma nasa gefen.

Kaka ta shinshina, ta ce, "Wa yay yi wanga aiki?"

Na ce, "Shi na, Kaka."

A zamanin nan maganin mai fitsarin kwance kunya ce. A ɗaura masa kwaɗo mai rai a ƙugu, a aza masa jiƙaƙƙiyar tabarmar a ka, yara su zagaya unguwa da shi suna tafi da waƙa. Ni na kamo kwaɗon. Ni ne a gaba, muryata ta fi ta kowa. Har yau ina ganin yadda cikinsa ke karkarwa duk lokacin da sanyin kwaɗon ya taɓa fatarsa. Bai yi kuka ba. Na sake yi masa haka, ba sau ɗaya ba.

Kafin gero ya yi kai, yaron ya daina magana. Ya fara jiƙa tabarma da gaske. Yakan shige rumbun albasa ya wuni cikin zafi da wari, yana cizon yatsunsa har su yi jini. Aka ce iska ce. Aka yi hayaƙi, aka ba shi rubutu ya sha. Innata tana wanke wandunana a ɓoye. Da lokacin kaka ya yi aka gama girbi, babana ya ce gidan bai karɓe shi ba, ya mayar da shi Giyawa wurin dangin ubansa.

Yanzu an daina ɗaura wa yara kwaɗo, kuma abin da muka kira iska, a asibiti ciwon damuwa suke ce masa. Can Sakkwato ake karɓo masa magani. Bai yi aure ba, awakin wansa yake kiwo.

Bara na hau babur na je. Na same shi a gindin aduwa, furfura ta fito masa kamar ni. Na faɗi komai, kaina a ƙasa. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Na sani. Idona biyu sa'adda ka juya ni."

Na ce, "To mi yah hana ka faɗi?"

Ya ce, "Kai kana da inna. Ni in anka kore ni, ina za ni?"

Na roƙe shi gafara. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya dai tambaye ni ko akwai ɗan riƙo a gidana. Na ce akwai, ɗan ƙanena marigayi.

Ya ce, "To tashi ka koma gida. Kak ka tambayi ɗiyanka yadda yake. Shi za ka tambaya, kuma in ya ce lafiya lau, ka sake tambaya."