Kitson da Inna ba ta ƙarasawa

Matso kusa, 'yar'uwa, ki ji abin da ke ci mini rai. Watan nan Inna ta cika shekara tara da rasuwa. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta. Kullum ina tunawa da ita, amma bana da fargaba nake tunawar.

A Kaikai muka tashi, mu mata zalla, kuma babu wadda ta taɓa zuwa kitso waje. Inna ke yi mana, da man shanun da take karɓa wurin matan Fulani. Za ta zaunar da ke tsakanin ƙafafunta, ki ba ta baya, ta kama kai ta yi shiru. Ba tambaya, ba faɗa. Kafin a kai rabi kin fara zuba: wanda ya tare ki a hanyar rijiya, wadda ta zage ki a makarantar allo. In ta ji maganar ba ta gama fita ba, sai ta yarfe hannu ta ce, "Wash, yatsuna sun gaji. Ɗaura kallabi, gobe ma ƙarasa." Sai bayan na yi aure ta faɗa mini dalili. Ta ce, "Hajara, in kin tsare yaro da ido ba zai faɗa miki komai ba."

Yanzu ga ni a Kankia da tawa ɗiyar, Bilkisu, mai shekara sha biyar. A shago ake mata kitso, kunnenta toshe da waya. Tun farkon damina ta canza. Ta rage cin abinci, ta daina tsokanar ƙannenta. In na tambaye ta, sai ta ce, "Ba komai, Mama." Babanta ya ce a ƙwace wayar. Da Inna na nan, na san abin da za ta ce: mun kai kan ɗiya shago, sirrin cikinta ya bi shi.

Jiya na ɗauko matsefi na kira ta.

"Mama, kitsonki fa na tsofaffi ne."

"Zauna dai, tsohuwar ce ta haife ki."

Ta zauna, na kama kitso. Wanda ya san ni ya san shiru ba halina ba ne, amma na danne. Can na ji muryarta ƙasa-ƙasa.

"Mama, in na ce ba zan koma lesin ɗin yamma ba, Baba zai yi faɗa?"

Wane ne? Me aka yi miki? Tun yaushe? Duk suka taru a bakina, na haɗiye su. Na ce, "Ina jin ki." Ba ta ƙara ba. Sai na yarfe hannu na ce yatsuna sun gaji. Ta ɗaura kallabi, har ta kai ƙofa ta tsaya.

"Gobe bayan la'asar ko?"

Lesin dai na ce ta dakata, na kuma roƙi babanta kada ya titsiye ta. Ban san abin da zan ji anjima ba, ban kuma san ko zan iya kame bakina kamar Inna ba. Inna ba ta bar mana gona ba, rabin kitson nan ta bar mana, kuma yau shi kaɗai na riƙa.

Ke fa, yaushe rabon da ɗiyarki ta zauna tsakanin ƙafafunki ta ba ki baya?