Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Jama'a, wannan abin da zan faɗa muku ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ya faru, kuma na rantse da Allahn da ya halicce ni ban ƙara masa gishiri ba. Shekarun baya ne, lokacin ina gadin wani bene mai hawa huɗu a Aziziyya, cikin Jidda. Haris suke ce wa mai irin aikina a can: ka share matakala, ka fitar da shara, ka duba tankin ruwa, wanda ya dawo da kaya ka kama masa.

Ɗakina a ƙarƙashin ƙasa yake, a ƙuryar inda ake ajiye motoci. Daga titi gangara ce take saukowa har bakin ƙofata. Ƙofar ta ƙarfe ce, waje take buɗewa, taga kuwa babu ko ta leƙe. Ku riƙe maganar ƙofar nan, za mu dawo kanta.

A shekarar mai gidan ya sallami 'yan haya duka, wai zai yi gyara, masu gyaran kuma yau za su zo, gobe za su zo, har aka shafe wata biyar. Ni kaɗai a bene guda. In na yi tari sai in ji ya hau har hawa na huɗu ya dawo mini. Wata rana sai in wuni ban yi magana da kowa ba in ba sallamar salla ba, har na koyi yi wa kyanwar layi hira, ita ma in ta ƙoshi tafiyarta take. Mutum ɗaya nake da shi, Ammu Usman, wani dattijo Bahaushen Sudan mai ɗan kanti a bakin layinmu, wanda Hausarsa rabi Larabci ce.

Sai na ba ku labarin mahaifiyata kafin ku gane sauran. Ni ne ɗan fari a wurin Inna, kuma kun san kunyar iyayenmu na da: tunda ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. "Kai, wannan," shi ne sunana a bakinta. In da ƙannena take magana ta ce "yayanku". Ina yaro abin yana ci mini rai, har wata rana na ɓuya a bayan rumbu da gangan, na ce yau sai ta kira ni. Ta zagaye gida tana "ina wannan ya shiga?" har magariba, da ta gano ni na sha tsumagiya, sunan dai ban ji ba.

Garinmu ɗan ƙarami ne, can ƙasar Gumel, fili ne shimfiɗe babu dutse babu tudu, shi ya sa hadari tun yana nesa kake ganinsa ya yi baƙi ƙirin daga gabas. Hadarin farkon damina kuma ba ya wasa a wurinmu, da iska yake zuwa da tsawa, ya ɗage rufin ɗaki, wani lokacin ya kashe dabba a turke. Da ya taso aikina ɗaya ne, in hau saman rumfa in kwaso abin da Inna ta shanya, kuɓewa ce ko barkono ko kuka. Ko barci nake sai na ji, "Kai, wannan, tashi ka kwashe shanya!"

Ina shekara ta huɗu a Jidda gigin tsufa ya kama ta. Ƙanwata Hajara ce take riƙe da ita. In na buga waya Hajara ta kara mata a kunne, in ce, "Inna, ni ne," sai ta ce, "Sannu bawan Allah, maigidan ba ya nan." Mahaifinmu kuwa ya fi shekara goma da rasuwa. In na ajiye wayar nan sai in zauna a bakin katifa in yi ta kallon bango. Daga baya na daina cewa a ba ta, daga nan na rage kiran ma gaba ɗaya, don zuciyata ba ta iya ɗauka. Lokacin da abin nan ya faru na yi wata uku ban kira gida ba. Ina jin kunyar faɗa, amma gaskiya ce. Na riga na sa wa raina cewa Inna ta manta ta haife ni.

Abin da ya rage mini na gida shi ne miyar busasshiyar kuɓewa. Nakan sayo ɗanya, in yanka, in shimfiɗa a kan buhu a saman benen, rana ɗaya biyu ta bushe ƙayau. Ammu Usman yakan yi mini dariya, wai ga kuɓewa ɗanya cike da kasuwa ni sai na wahalar da ita.

Ranar, farkon zafi ne, cikin watan biyar, irin zafin Jidda mai gumi da riga take manne wa mutum. Na tashi da zazzaɓi, kaina kamar zai tsage, na lallaɓa kantin Ammu Usman bayan azahar na sayi ruwa da burodi. Ya ɗaga wayarsa ya nuna mini wani saƙo na Larabci, ya ce, "Ya waladi, ɗana, sun aiko tanbih, gargaɗi, a jawwal. Wai akwai ruwa da tsawa bayan asur. Kai da kake kwana a rami, intabih, ka yi hattara."

Na ɗaga kai na dubi gabas. Tas, ko gajimare babu. Na ce, "Ammu, ni ɗan manomi ne, hadari ba ya yi mini ɓoyo. Wannan sararin ko yayyafi ba zai ba ka ba. Jidda da ruwa a watan biyar?" Ya ce, "Halas, shi ke nan, kai ka sani." Wautata ke nan, na ɗauka sararin ko'ina irin na garinmu ne, inda hadari yake sallama tun daga nesa. A Jidda benaye sun tare maka ido, kuma ba lallai ta gabas yake ɓullowa ba.

Na koma ɗaki, na haɗiyi maganin mura irin mai sa barcin nan, har biyu na sha don in huta, na ja ƙofa na sa sakata, na kunna na'urar sanyi mai ƙara kamar injin niƙa. Na kwanta. Barcin da ko ganga aka buga a kaina ba zan ji ba.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, sai na ji an kira sunana. Sunana na yanka. Muryar mace ce, a bakin ƙofa, ba da ƙarfi ba. Na juya na gyara kwanciya, na ce mafarki ne. Aka sake kira, wannan karon da tsawa a ciki, aka ce, "Tashi ka kwashe shanya!"

Wallahi tallahi kafin hankalina ya dawo jikina ya riga ya miƙe. Muryar Inna ce, ba na shakka, ita ce da ɗan karkarwar nan da take yi in ranta ya ɓaci. Amma sunan ne ya ruɗa ni, don kunnena bai taɓa jin sa a cikin wannan muryar ba, sai na ji shi kamar na wani. Tsigar jikina ta tashi. Na zare sakata, na tura ƙofa.

Babu kowa a wurin motoci. Sai ƙanshin ƙasa, irin na ruwan farko in ya taɓa busasshiyar ƙasar gona, abin da rabona da shaƙa tun ina gida. Na dubi matakalar da take hawa cikin benen, sai na ga sawu. Sawun ƙafa ba takalmi, jiƙaƙƙe, har da ɗan taɓo, a kan matakalar da na share da hannuna da safe. Can sama kuma, a kwanar hawa na ɗaya, na hango gefen zane ya gilma.

Mai hankali gudu zai yi waje. Ni kuwa binsa na yi, ko takalmi ban sa ba, wayata ma a kan katifa na bar ta. Ina hawa ina haki, ga zazzaɓi ga magani yana jan idona, duk kwanar da na sha sai in ji takun yana gabana da hawa ɗaya, a hankali, takun tsohuwa mai dafa bango. Na ce, "Wace ce?" Na ce, "Inna?" Muryata ce kawai ta dawo mini. Har muka kai ƙofar saman bene, na same ta a buɗe, alhali ni na rufe ta da safe.

Ina fitowa na ga abin da ban gani ba daga ƙasa. La'ilaha illallahu! Sama ta yi baƙi wuluk ta wajen arewa, walƙiya tana tsaga ta, iska ta riga ta fara watsa kuɓewata. Babu kowa a saman nan, daga ni sai tankunan ruwa. Na durƙusa ina tattara kuɓewa, don ban san me zan yi ba in ba abin da aka sa ni ba, sai iska ta maka ƙofar nan gam! Na ruga na ja, ta ƙi. Makullinta ta ciki yake kamawa.

Sannan ruwa ya kece. Na ga ruwan sama a rayuwata, amma wannan kamar da bokiti ake kwarawa, tsawa kuwa har cikin haƙorana nake jin ta. Na tuna Inna takan hana mu kusantar ƙarfe in ana tsawa, na matsa nesa da tanki da bututu, na rakuɓe a jikin bango na rungume buhun kuɓewa, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Ban taɓa jin ni kaɗai ne a duniya ba kamar wannan lokacin.

Bai kai awa ɗaya ba ya ɗauke. Na leƙa ƙasa, titinmu ya zama kogi, kuma duk ruwan gangarar gidanmu yake bi yana sauka. Can na hango Ammu Usman ya tattare jallabiya har cinya, yana tsaye a bakin gangara yana ƙwala mini kira yana dukan kansa. Na ɗaga murya daga sama na ce, "Ammu, ga ni nan!" Ya ɗago, ya dube ni, ya zauna daɓas a cikin ruwa.

Da ya zagayo ta babbar ƙofa ya buɗe mini, muka sauka tare, muka tsaya a ta uku cikin matakalar da take sauka wurin motoci, don sauran duk ruwa ya shanye. Ƙofar ɗakina ko samanta ba a gani. Ya ce, "Ya waladi, da kana ciki, ƙofar nan mutum goma ba za su tura ta ba. Wa ya tashe ka?" Na duba matakala in nuna masa sawun, sai na ga namu sun tattake wurin. Na ce masa kawai shanya na je kwashewa.

Washegari da safe na ari wayarsa na kira Hajara. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, jiya Inna ta ba mu tsoro." Ta ce wajen azahar hadarin farko ya taso musu, da iska da tsawa, suna ta kama awaki, sai suka waiga ba Inna a ɗaki. Matar da sai an ɗaga ta take miƙewa. Suka same ta a tsakar gida, ba takalmi, cikin ruwa, tana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya a wuri guda.

Ta ce, "Kuma Yaya, sunanka take kira. Sunanka na gaskiya. Wallahi sai da na ji kunya ta kama ni."

Na lissafa a raina, tsakaninmu da gida awa biyu ne, azahar ɗinsu ita ce la'asar ɗinmu. Na zauna a kan kwalin ruwa. Hajara ta ci gaba, ta ce da suka kamo ta ta yi ta fizgewa tana cewa su sake ta, yaron yana barci a rami. Da suka shigar da ita ɗaki kuma ta kwanta tana haki tana murza gwiwa, tana cewa, "Wash, matakalar nan da yawa take." Jama'a, garinmu kaf babu bene ko ɗaya, Inna kuma ba ta taɓa taka matakala ba tunda take.

Na ce a kara mata wayar. Na ji numfashinta. Na ce, "Inna." Sai ta ce, "Kai, wannan, ka kwashe?" Na ce, "Na kwashe, Inna." Ta ce, "To madalla." Na buɗe baki in ce ta yafe mini, sai ta ce, "Sannu bawan Allah, maigidan ba ya nan."

Bayan kaka na samu na je gida. Wata guda na yi ina zama a gabanta ina ba ta kunu a baki, ba ta gane ni ba ko sau ɗaya, kuma ban daɗe da komowa ba Allah ya karɓi abarsa. Na tambayi malamai, wani ya ce mala'ika ne, wani ya ce zazzaɓi ne da magani. Ni ban sani ba. Zazzaɓi dai ba ya barin taɓo a matakala.

Shawarata gare ku, 'yan uwana da kuke nema a ƙasar mutane: in aka aiko gargaɗin ruwa kada ku yi gardama irin tawa, kada ku kwanta a ƙarƙashin ƙasa. Kuma wanda mahaifiyarsa take raye ya ɗauki waya ya kira ta yau, ko ta daina gane muryarsa. Ni wata uku na yi fushi da tawa don ta manta ni, ita kuwa kunyar shekara arba'in ta ajiye, ta hau bene hawa huɗu da gwiwoyin da ba sa ɗaukarta. Har yau in hadari ya haɗu nakan kashe duk abin da yake ƙara a ɗaki in kasa kunne, ko za a sake kira.