Ɗanyun Tukwanen Iya Yelwa

Ranar sunan jikanta randa ta narke wa Iya Yelwa a gaban jama'a. Narkewa fa, ba fashewa ba.

Zoɓo ne ya yi yawa, robobi suka ƙare. Sai Barakatu, ƙanwar mai jego, wadda ta zo daga Kano da tabarau a goshi, ta tura ƙofar ɗakin ƙurya tana neman mazubi. Ta hango randa ja jawur tana sheƙi, kifaye na ado sun zagaye wuyanta suna bin juna. Ta rungumo ta zuwa tsakar gida, ta dire kusa da tabarmar tsofaffi, ta juye zoɓo har baki. Ina 'yar birni za ta gane ɗanyen yumɓu? Jar ƙasa ce kawai aka shafa, aka goge da dutse. Wuta kam randar ba ta taɓa ganinta ba.

Iya Yelwa tana zaune ta ba randar baya, cikin sabuwar atamfa, tana amsa barka. Can sai gindin randar ya saki, ta durƙushe kamar mai gaida sirikai. Zoɓo da taɓo suka kwararo kan tabarma, suka jiƙe tsohuwa daga ƙugu har diddige.

Wata baƙuwa daga Darki ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah! Gidan maginiya guda, randa ba ta riƙe ruwa?"

Aka tuntsire da dariya. Iya Yelwa ba ta ko dubi zaninta ba. Kifayenta take kallo suna komawa laka.

Kowa a Wudil ya san hannunta. Tun ba ta yi famfara ba take kwaɓa yumɓu a gefen uwarta. Tukunyar miya, kasko, asusu, ta gina, ta gasa da kara da kashin shanu, ranar Juma'a a kai kasuwa. In ka ƙwanƙwasa tukunyarta sai ta amsa ƙal. Da wannan ta raini ɗanta Ja'afar bayan mijinta ya rasu, har ta yi masa aure.

Amma waɗannan na ciyar da ciki ne. Na ranta suna ɗakin ƙurya. Akwai tulu mai dogon wuya irin na zalɓe. Akwai kaskon turaren wuta mai hawa uku, da ƙananan tagogi. Akwai wata tukunya da ta yi wa ɓawon kifi ɗaya bayan ɗaya da tsinke, damina guda tana abu ɗaya. Duk ɗanyu.

Tana budurwa ta taɓa gasa irinsu, tulu mai baki biyu da ta ƙirƙira da kanta. Na kowa ya fito lafiya, nata kaɗai ya tarwatse a cikin wuta, da ƙarar da ta kori kajin unguwa. Uwarta ta tsinci ɓaraguzan da sanda ta ce, "Kin ga ƙarshen iyayi. Ki yi irin na mutane." Mata suka laƙaba mata Baki-biyu, sunan bai sake ta ba sai da ta haihu.

Hannun bai daina ƙirƙira ba, zuciyar ce ta ƙi wuta. Mu maƙwabta mun haddace wasan. Duk ranar gashi sai ta fito da guda a lulluɓe cikin tsumma, ta kai har bakin ramin gashin, ta tsaya. Sai ka ji iskar yau ba ta da kyau. Ko karan bai bushe ba. Ko gobe ta fi. Ta juya da abinta. Goben nan har furfura ta yi, ba ta iso ba.

Yanzu kuwa hannu ya fara rawa, ko asusu sai ta yi da ƙyar. Irin na ɗakin ƙurya ba za ta ƙara ginawa ba, ita ma ta sani. Ga kwanon ɗakin ya huje, ga damina ta matso.

Bayan suna Ja'afar ya durƙusa gabanta ya ce, "Iya, ruwan sama ba zai tambaye ki ba. Abin da zoɓo ya yi wa guda zai yi wa duka. Ni zan kawo kara. A gasa su."

Abin mamaki, ta ce to.

Aka fito da su da hantsi aka jera. Unguwa ta taru, masu dariyar rannan suka saki baki suna kallo. Har Mairo, sa'arta kuma maginiya, wadda ba ta taɓa yabon tukunyar kowa ba, ta zagaya tulun zalɓe tana girgiza kai. Aka shimfiɗa kara, aka kawo garwashi a kasko. Iya Yelwa ta karɓa. Ta dubi tulun, ta dubi garwashin, ta ɗaga kai gabas.

Ta ce, "Hadari."

Sama fes, ko gajimare babu.

"Ja'afar, mayar min da su."

Ya mayar, ɗaya bayan ɗaya, kansa a ƙasa. Jama'a suka watse suna ƙus-ƙus. Mairo ce ta kasa haɗiyewa, ta bi ta har bakin ɗaki.

"Ke Yelwa, ki ji tsoron Allah! Ni da ke duk mun kusa. In kika faɗi gobe, wa zai gasa su?"

Iya Yelwa ta ja ƙofa, ta saƙala kwaɗo, ta ɗaure mukulli a bakin zani, sannan ta juyo.

"Ke za ki gasa, Mairo, tunda wuta ba ta ba ki tsoro. Duk wadda ta fashe, a ce wutarki ce. Ni dai lafiya lau na bar su."