Minsharin Tafinta

Tafinta ake ce masa, ko da yake ya daɗe da barin kotu. Rabin rayuwarsa a tsaye ya yi ta tsakanin alƙali da mai ƙara, yana juya maganar wannan ga wancan, bai taɓa ƙara mata gishiri ba. Da ya yi ritaya sai ya kafa tebur a ɗan ɗakin bakin ƙofa, ya jera tsofaffin ƙamus, yana karɓar fassara jefi-jefi. Mutum ne mai jiki, ga hawan jini da ya ƙi jin magani. Gyangyaɗi kuwa ya zame masa jiki. Yana tsakiyar jimla sai biro ya sulale. Shi dai tsufa ya ɗora wa laifi.

Wata rana babbar 'yarsa, likita, ta kawo masa aiki. Tambayoyi ne da aka tsara a ƙasar waje don auna abin da likitoci suka sani game da ɗaukewar numfashi cikin barci. Wani ya riga ya fassara su. Ana so shi ya mayar da su harshen asali ba tare da ya ga na asalin ba, a gwama biyun, a ga ko ma'ana ta zube a hanya.

"Wato ba ku yarda da na farkon ba," in ji shi.

"Kai ma ba a sakar maka ba, Baba. In ka gama, likitoci za su amsa, a bari su manta, a sake ba su. Tambayar da amsarta ta yi ta sauyawa, ba ta zauna ba ke nan."

Wannan tsantseni ya burge shi.

Ɗabi'arsa ce tun daga kotu ya karanta abu a bayyane. Matarsa na guga a gefe ya karanto alamomin ciwon: minshari mai ƙarfi, yankewar numfashi, farkawa a gajiye, barcin rana. Ta ajiye dutsen guga.

"Malam, wannan ai kai ake siffantawa."

"Minshari dai? Gado ne."

"Ba minsharin ba, shirun da ke biyo baya. Sai ka yi tsit har in kai hannu hancinka, sannan ka fizgo numfashi kamar an tsamo ka daga ruwa. Shekara da shekaru ina zungurar ka."

Bai taɓa sanin abin da take kwana da shi ba, ita kuma ba ta san abin na da suna ba.

Da 'yar ta ji, ba ta tsaya dogon zance ba, ta kai shi gwaji. Ciwon ne kuwa, mai tsanani. Aka ba shi na'urar da ke tura iska ta hanci lokacin barci. Ya yi mita, wai an mai da shi matuƙin jirgi, amma ya saka.

Tambayoyin ma suka ci jarrabawa, in ban da guda da likitoci suka riƙa ɗauka minshari kawai take nufi. Shi ya warware ta, yana dariyar cewa yanzu ya san bambancin a jikinsa. Aka raba su ga asibitoci.

Jininsa ya sauka. Ya karɓi fassarar wani babban littafin shari'a da ya daɗe yana gudu, har maƙwabta suka fara ƙorafin ya daina fitowa hira.