Yatsu Uku na Baƙar Ƙasa

Gonar da nake da ita a wajen Akinyele, bayan garin Ibadan, ni na kashe ta da hannuna, ban kuma taɓa ɗora wa kowa laifin ba.

Lokacin da na same ta, ƙasarta baƙa ce, mai laushi. In ka cusa hannu sai ka fito da tana. Na yi mata irin noman da na ga mahaifina yana yi a Arewa: na sassabe, na tara ganye da ciyawa na cinna wuta, na share ta fes kamar tsakar gida. Bayan girbi in kwashe karan masara da harawar wake a mota in kawo unguwarmu ta Sabo, saboda ragunan layya da nake kiwo a bayan gida. Abin da na manta shi ne, mahaifina yana mayar da takin dabbobinsa gona a kan jaki. Ni kuwa takin ragunana a kwata nake zubarwa, ruwa ya tafi da shi.

Wata tsohuwa Bayarabiya mai gonar rogo kusa da tawa takan tsaya ta ce, "Baba Sabo, ka tuɓe wa ƙasa zane, ruwan Ibadan ba ya jin kunya." Nakan yi dariya, ina ganin gonarta ce mai ƙazanta. Cikin 'yan shekaru ruwa ya wanke baƙar ƙasar, ya bar mini ja da tsakuwa. Masara ta koma tsawon gwiwa, ganyenta rawaya. Na zuba takin zamani, ta ɗan farfaɗo shekara guda ta sake kwanciya.

Shekara tara ke nan da na daina ƙona komai a wurin. Na dasa ɗorawa da zogale da kashu, na bar ciyawa ta rufe ƙasa, ganyen da ya faɗi ya ruɓe a inda ya faɗi. Duk sati nakan ɗauki keke in kai buhunan takin raguna. Wani malamin gona ya taɓa ce mini baƙin da ke cikin ƙasa kabon ne, wanda itace ke ja daga iska, ganye da saiwa su ajiye shi a ƙasa, shi ne ke riƙe ruwa da abincin shuka. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma na gane cewa abin da na riƙa ƙonawa ke nan.

A ƙofar masallaci ana cewa tsufa ya sa na bar gona ta zama daji. Babban ɗana, wanda ke harkar motoci a Ojoo, ya fi kowa jin zafin maganar. Yana so a baje wurin a mayar da shi wajen ajiye tireloli. Na ce a'a sau uku. Wata Asabar da safe uwarsa ta ce mini, "Malam, ɗanka fa ya yi magana da mai katafila, yau za su je." Na hau okada na riga su isa, na shimfiɗa buzuna a bakin hanyar shiga gonar na zauna.

Da suka iso ɗana ya sauko daga mota ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Baba, don Allah ka tashi. Macizai kawai kake kiwo a nan."

"Macizan ma sai da na sha wahala suka dawo," na ce. Na miƙa masa fartanya. "Tona nan, ƙarƙashin ɗorawar."

Ya tona yana ɓata rai. A sama ƙasa baƙa ce mai danshi, a ƙasanta jar nan ta dā. Ya auna baƙar da hannunsa.

"Yatsu uku, Baba. Shekara tara, yatsu uku."

"Da na zo ta kai kamu guda. Ni na cinye ta. Katafilarka kuwa kafin azahar za ta kwashe ukun."

"To sai yaushe za ta koma kamu gudan?"

"Ba zan gani ba. Kai ma wataƙila."

Mai katafila ya leƙo ya yi masa magana da Yarbanci, yana tambaya ko a sauke ta ko a juya. Na amsa masa da kaina, da Yarbancin da na fi ɗana iyawa, cewa in zai shiga sai dai ya bi ta kan buzun nan da wanda ke kai. Mutumin ya yi dariya ya ce shi bai zo taka tsoho ba, ya juya motarsa.

Ɗana ya jefar da fartanyar ya tafi bai yi mini sallama ba. Wata biyu ke nan bai zo cin tuwo a gidan ba, sai dai ya aiko matarsa da yara. Uwarsa tana ganin laifina, tana cewa na zaɓi ciyawa na bar ɗa. Abin yana damuna, ba zan ɓoye ba. Amma takardar gonar tana hannuna, kuma na gaya wa limaminmu a gaban shaidu cewa ko bayan raina ban yarda a sare itace ɗaya a wurin ba.