Baƙaƙen Hotunan Baban Oge

Zan fara da maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko mamata ba ta sani ba. Baƙaƙen hotunan nan da ake ta ƙus-ƙus a kansu tun daga kwatas ɗin reluwe har bakin kasuwa, waɗanda aka samu a kyamarar marigayi Mista Aloysius, ni na ɗauke su. Da yatsana na danna. Shi yana zaune a kan benci yana kurɓar shayi.

Ranar Lahadi, 17 ga Nuwamba, 2024, Ubangiji ya kira bawansa Mista Aloysius, mai ɗakin hoto a Kafanchan, wanda mu yaran unguwa muke kira Baban Oge. Ya dawo daga sujadar safe, ya ce kansa yana sara, ya kwanta. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce hawan jini ne. Ina bayan gidanmu ina wanke cittar da aka tono lokacin da labarin ya same ni. Ban yi kuka ba a lokacin, sai dai na ga ina ta wanke citta guda ɗaya har fatarta ta saluɓe.

Sunana Miriyam, ina ajin ƙarshe a sakandare, ƙawar Oge ce ni, 'yar autar marigayi. Wanda ya san ni ya san ba ni da baki. Ko karatu aka ce in yi a gaban aji, muryata takan maƙale. In kun ji Hausata ta yi kama da ta littafi, ku yi haƙuri, a littattafan soyayya na koye ta, a gida yarenmu muke yi.

Baban Oge, littattafan nan ne ma suka kai ni wurinka. A cikinsu kullum yarinya tana tsaye ƙarƙashin farin wata, iska tana kaɗa mata mayafi. Ni ma na so a yi mini hoto irin wannan, in ɓoye shi a jakata, ban ma san wa zan nuna wa ba. Na daɗe ina shirya maganar a zuciya kafin na iya furta ta. Da na faɗa, ka yi dariya har da tari. Ka ce, "Wata ai fitila ne kawai, hana mutum ganin sama yake yi. Miriyam, zo ka ga abu." Haka kake yi mini magana, ka ce "kai" ka ce "ka" kamar namiji, kuma ban taɓa son ka gyara ba.

Ka nuna mini taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta, ka ce in duba da idona. Na ga 'yan ƙwayoyi a dunƙule. Sai ka buɗe kwamfuta ka nuna mini hotonsu da ka ɗauka a tsakar gidanka. Ashe kazar nan 'ya'yanta ba su ƙirguwa, ga wani shuɗin hayaƙi ya lulluɓe su. Daga ranar na manta da hoton farin wata. Duk yammar da sama ta washe, nakan ce a gida za ni karatu wurin Oge. Muna yin karatun, ban yi ƙarya ba. Amma da rana ta faɗi sai mu fito da kaya, Maman Oge tana gefe tana gyaran ganyen miya tana ce mana mahaukata uku. Duk Kafanchan kai kaɗai na sani da ke murna in an ɗauke wuta.

A da na ɗauka sai mai kyamara mai tsada ke iya ɗaukar sama. Kai ka ce mini ƙafa ake fara saye, wato ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai. Ka ce hasken tauraro kaɗan ne, sai an bar idon kyamara a buɗe ya daɗe yana tarawa, kamar yadda ake tara ruwan yayyafi a baho. In ƙafa ta yi rawa ko ƙanƙani, taurari su fito kamar tsutsotsi. Taka tsohuwa ce mai nauyi, amma duk da haka ba ka yarda da ita ba, sai ka rataya mata jarkar ruwa a tsakiya.

Bayan ƙafa sai lens, gilashin da ke gaban kyamara. Ka ce a nemi mai buɗewa sosai, wanda aiki ɗaya ya iya. Waɗanda ake murɗawa su zuƙo nesa su koma kusa, ka ce irin samarin littattafaina ne, alkawari da yawa, in duhu ya yi ba ka ganin kowa. Ita kyamarar kanta ita ce ta ƙarshe a lissafinka, kuma ta gwanjo ka fi so, muddin tana barin mutum ya saita komai da hannunsa. Manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali kuwa, ka ce don mai saye aka rubuta su, ba don sama ba. Sauran kayanka abin dariya ne ga wanda bai sani ba. Tocila da ka rufe da jar leda don kada farin haske ya kashe mana ido. Tsohuwar safa da kake sa wa lens saboda raɓa. Salatif da kake liƙe wurin saiti da zarar tauraro ya fito tsaf. Rimot mai waya, don kada hannu ya taɓa kyamara. Sai katako biyu da ka haɗa da hinjin ƙofa da dogon noti, ana murɗa shi a hankali don kyamara ta bi sama yayin da take juyawa. Oge ba ta da haƙurin wannan, ni ka ba wa. Ka ce wanda ba ya yawan magana hannunsa ya fi natsuwa. Ba wanda ya taɓa yaba shiruna kafin kai.

Yanzu ga maganar baƙaƙen hotuna. Ka koya mini cewa kyamara ma tana ƙarya. In ta daɗe a buɗe takan yi zafi, sai ta haifi ɗige-ɗige nata na kanta, ja da kore, ta cusa su cikin taurari. Saboda haka in mun gama sai a rufe lens da murfinsa, a yi ta ɗaukar duhu zalla. Abin da ya fito a cikin duhun nan shi ne ƙaryar kyamara, kwamfuta kuma ta cire shi daga hotuna na gaske. Aiki ne mai gundura, sai dannawa da jira. Kai ƙafarka tana kumbura in ka daɗe a tsaye, shi ya sa ya zama nawa. Iyakar asirin ke nan. Babu wani.

Amma ga abin da ya faru. Ranar Litinin aka rasa hoton da za a sa a takardar jana'izarka, domin mai hoto ba ya ɗaukar kansa. Maman Oge ta ba Kevin memorin kyamara ya duba. Kevin shi ne mai shagon waya da kayan gwanjo kusa da tasha. Kafin yamma magana ta zaga gari, wai an buɗe kyamarar Baban Oge an ga duhu jere da duhu, da jajayen idanu a ciki. Wai ba taurari kake ɗauka ba, 'yan ƙungiyar asiri kake ganawa da su, katakon nan kuma bagadinka ne, jar tocila kuwa kowa ya san ma'anarta. Har an ce ƙungiyar ce ta karɓe ka. Mutanen da ka ɗauki hoton aurensu da na baftismar 'ya'yansu, su ne yau suke tsallake ƙofar ɗakin hotonka kamar akwai maciji. Na ga wasu mata sun zo gaisuwa, aka kawo musu shinkafa, suka ce suna azumi. Na kuma gan su a bakin titi suna cin gyaɗa. Jiya katikis, mai koyar da addini a coci, ya ce sai ya yi shawara da Fada, limamin cocinku, kafin a san ko gawarka za ta shiga coci. Maman Oge tana jin haka ta zauna a ƙasa.

An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma ina tsoron zunubi. Amma akwai abin da idona ya gani. Wajen Ista, Kevin ya kawo maka tallar wata kyamara a leda, ina tsakar gida a ranar.

"Baba, wannan daga Turai ta sauko, ko mako ba ta yi a hannun bature ba," in ji shi.

Ka karɓe ta. Ka rufe lens da murfi, ka bar idon kyamarar a buɗe ya jima, sannan ka faɗaɗa hoton ka nuna masa. Ɗige-ɗige kamar mai ƙyanda.

"Kevin, wannan kyamara ya je biki ya fi ni zuwa," ka ce masa. "Kai masa gida ya huta."

"Haba Baba, wa ke ɗaukar hoto da murfi a rufe?"

"Wanda ba ya so a cuce shi. Zauna in nuna maka, gobe kai ma kada a cuce ka."

Ya zauna, ka yi masa bayani dalla-dalla, har Maman Oge ta zuba masa abinci. Ashe ke nan duk garin nan, in aka cire mu na cikin gida, Kevin ne mutum ɗaya da ya san mene ne baƙin hoto. To, me ya sa da ya gan su bai ce "na san wannan" ba? Kuma a ranar, kafin ya fita, ya ɗaga babban lens ɗinka yana juya shi yana tambaya ko za ka sayar. Ka ce ba na sayarwa ba ne, na Oge ne.

Yanzu Kevin ya ce wa Maman Oge kayan hoton nan bai kamata su kwana a gida ba. Ya ce ya san wani mai addu'a a wajen Samaru da zai ƙone su, shi zai taimaka ya kai, gobe Alhamis da safe. Ina kicin ina wanke kwanuka na ji yana cewa, "Mama, a haɗa har da caja da batir ɗin nan biyu, a sa kowane lens a jakarsa kada ya karce." Na tsaya da soso a hannu. Abin da za a jefa a wuta, me ya dame shi da karcewa? Wuta tana bukatar caja?

Mai yiwuwa na karanta littattafai da yawa, inda kowane mai murmushi yake ɓoye wuƙa. Mai yiwuwa Kevin tsoro ne ya kama shi da gaske, ya manta abin da ka koya masa. Ban ga zuciyarsa ba, ba zan rantse a kanta ba. A kan hotunan kaɗai zan iya rantsuwa. Oge ta yi ƙoƙarin faɗa, aka ce ai 'yarsa ce, dole ta rufa masa asiri. Ta dube ni a cikin taron masu gaisuwa, ni kuwa na sunkuyar da kai, domin babana yana wurin. Babana mutumin kirki ne, amma a wurinsa kallon taurari da duba duk ɗaya ne, kuma ba ya son sunan gidansa a bakin mutane. In ya ji, na san zuwa gidan Oge ya ƙare, wataƙila har da wayata. Kuma waɗanda suka ce kana cikin ƙungiya, ba wuya su ce ka shigar da ni.

Baban Oge, a garin nan aka haife ka, babanka ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ka sha gaya mana cewa in ka je ƙauyenku a gabas, Bahaushe suke kiranka, a nan kuma a ce maka Inyamuri, kai kuwa sama ɗaya ka gani a duka biyun. Yara nawa ka yi wa hoton jarrabawa ka ce su tafi kawai? Lokacin da kakata ta rasu, hotonta guda ɗaya ruwa ya ɓata, ka zauna ka gyara shi har fuskarta ta dawo, babana da kansa ya riƙe hannunka yana godiya. Mutum irin wannan bai kamata a tsaya shawara a kan gawarsa ba.

Ubangiji Allah ya ji ƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya karɓe ka cikin hutawarsa ta har abada ta wurin Yesu Almasihu. Mama Immaculata, Maman Oge, Allah ya ba ki haƙuri da ƙarfin tsayawa, ya share miki hawaye. Oge, da yayanki Osita da ke kan hanya daga Legas, Allah ya zama uba a gare ku. Dangi na nan da na gabas, sannunku da rashi. Mu da muka rage, Allah ya tsare harsunanmu, har da nawa. Amin.

Da na fara rubutun nan, niyyata in tura shi ta ƙarƙashin ƙofar Maman Oge ba suna. Amma maganar da ba ta da mai ita, ita ce ta jawo mana duk wannan. Don haka yau ɗin nan, kafin a ba kowa komai, zan kai takardar nan hannun Maman Oge, in roƙe ta mu tafi tare wurin Fada da kyamarar da murfinta. In ya ce in nuna, zan nuna a gabansa. In ya ce in karanta a gaban jama'a, zan karanta, ko muryata za ta yi rawa. Babana yana gonar citta, ta can zan fara bi in gaya masa da bakina.

Miriyam Zamani
Kafanchan